Nana Asma'u da Ƴan Taru a Hannun Masu Fassara

Tun shekarar 1989, da Jean Boyd ta buga littafinta mai suna The Caliph's Sister a birnin Landan, sunan Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fito daga zaurukan malaman Sakkwato ya shiga jami'o'in duniya. Wasu littattafai uku sun biyo baya, waɗanda Boyd ta yi tare da Beverly Mack: kundin rubuce-rubucen Asma'u, watau Collected Works of Nana Asma'u, da aka buga a Amurka cikin 1997, sa'an nan One Woman's Jihad cikin 2000, sa'an nan Educating Muslim Women cikin 2013. Duk mai son ya yi magana a kan tarihin ilimin mata a ƙasar Hausa, a Yamai yake ko a Zariya, daga wannan rijiya yake ɗiba, ko ya sani ko bai sani ba. Har masu tsara aikin yaƙi da jahilci, idan suna neman hujjar da za su kai wa uban da ya hana ƴarsa zuwa lakwal, sunan Asma'u sukan kama. To, abin da ya zama hujja a bakin mutane da yawa haka ya cancanci a auna shi, kuma ma'aunin da ya fi dacewa da shi harshe ne, domin da harshe matar ta yi aikinta.

Kafin suka, wajibi ne a faɗi girman aikin. Boyd ta zauna a arewacin Nijeriya kusan shekara 30, ta ji Hausa, kuma Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya fito daga tsatson Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo, ya buɗe mata taskar littattafan gidansu. Ta shiga ƙauyuka ta zauna da tsofaffin matan da suka gaji karatun ƴan taru, ta ji daga bakinsu abin da ba ya cikin takarda. Littattafan tarihin jihadi da suka gabata a gefe suke ambaton Asma'u, a matsayin ƴar wane, ƙanwar wane, matar wane. Boyd da Mack ne suka tara waƙoƙinta wuri guda, suka jera su bisa shekarun da aka yi su, suka nuna cewa marubuciya ce mai zaman kanta. Duk abin da za a faɗa nan gaba a kan ginin da suka yi yake tsaye.

An haifi Asma'u a Ɗegel cikin 1793, ta rasu a Sakkwato cikin 1864. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, ta tashi a sansanonin yaƙi har faɗuwar Alƙalawa cikin 1808. Mahaifinta kuwa a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Gobir, garin da yanzu yake cikin jihar Tawa. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 ta kafa tsarin da aka sani da ƴan taru: a kowane gari ana naɗa wata dattijuwa mai ilimi, ana ce mata jaji, ita ke jagorantar mata zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami fita ba.

Murya uku cikin harshe ɗaya

Abin da mai karanta fassarar Ingilishi ba zai taɓa ji a jikinsa ba shi ne Asma'u murya uku gare ta, kuma kowace murya da mutanenta. Da Larabci take magana da malamai ƴan'uwanta. A cikinsa ta rubuta Tanbihul Gafilina cikin 1820, da Tabshirul Ikhwani cikin 1839, wanda ya shafi magani da ayoyi da addu'o'i. Da Fillanci take magana da gida da dangi, shi ne harshen yawancin waƙoƙinta na alhinin mutuwa da na tarihin jama'a. Hausa kuwa harshen taro ne, na wa'azi da farillai da tsoratarwa da ranar ƙiyama da roƙon ruwa. Idan aka juye dukan waɗannan cikin Ingilishi iri ɗaya, mai laushi, marar kari, sai su zama kamar mutum ɗaya ne ke magana da jama'a ɗaya. Gaskiya ne masu kundin sun faɗi harshen kowace waƙa a kanta, sun kuma yi bayanin dalilin zaɓin. Amma sun tsaya a bakin ƙofa. Tambayar da masanin harshe zai so a bi har ƙarshe ita ce: idan waƙa ɗaya ta fito cikin harshe biyu ko uku, mene ne ya sauya a tsakaninsu? Me aka rage, me aka ƙara, wace kalmar Larabci aka bari yadda take, wace aka nemo mata ta Hausa?

Misali mafi kyau shi ne ƴar gajeruwar waƙar da ta tara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kaɗan, don mace ta haddace su. Da Fillanci ta fara yin ta wajen 1829, ta mai da ita Hausa wajen 1838, ta yi ta da Larabci wajen 1850. Wannan jeri kansa labari ne. Shekara 9 ke tsakanin ta Fillanci da ta Hausa, kuma a cikin waɗannan shekaru aka yi yaƙin Gawakuke cikin 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu cikin 1837, garuruwan daular suka cika da mata masu jin Hausa kaɗai, da yawansu kamammu ne. Ana iya karanta juyawar Asma'u zuwa Hausa a matsayin amsa ga wannan hali. Haka ma Tabbat Haƙiƙa, waƙar da Shehu ya yi da Fillanci, Asma'u ta mai da ita Hausa wajen 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Waƙa ce mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa, kuma juya ta zuwa harshen talakawa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ya sa ma'aunin da ake auna sarki da shi ya shiga bakin wanda ake mulka.

Sunan Isa ya kawo wata matsala da masu ambaton Asma'u sukan tsallake. Ba duk waƙar Hausa da ke yawo da sunanta ba ce ta fito daga alƙalaminta da Hausa. Waƙar Gewaye, wadda ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙe, da Fillanci Asma'u ta yi ta cikin 1839, da sunan Filitago. Isa ne ya mai da ita Hausa cikin 1865, bayan rasuwarta. Boyd da Mack ba su ɓoye wannan ba, yana nan cikin bayanansu. Sai dai tsarin kundin, da ya tara kome a ƙarƙashin suna ɗaya, yakan sa mai gaggawa ya ɗauki Hausar Isa ya kafa hujja da ita a kan salon Asma'u. Duk mai son ya yi nazarin kalmominta ko ginin jimlarta, aikinsa na farko shi ne ya ware abin da ta tsara da Hausa da kanta, da abin da ta fassara daga wani, da abin da wani ya fassara daga gare ta. Kashi uku ne, kuma kowane da hukuncinsa.

Akwai kuma hasarar da ake yi tun kafin a kai ga Ingilishi, watau wajen ɗauke waƙa daga ajami zuwa boko. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, boko na yau da kullum ba ya nunawa. Mai rubutun ajami yana da hanyar bambanta gari na zama da gari na tuwo, mai boko sai dai ya dogara ga ma'anar jimla. Karin waƙoƙin nan kuwa, da yake daga aruli na Larabci aka aro shi, a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Idan tsawon wasali ya ɓace daga takarda, kari ya ɓace ga wanda bai taɓa jin an rera waƙar ba, kuma karin nan shi ne igiyar da ke riƙe da haddar macen da ba ta karatu. Abin lura a nan, rubutun Hausa da aka yi amfani da shi a Nijar bayan taron Bamako na 1966, wanda ke ninka dogon wasali, ya fi dacewa da irin wannan aiki bisa ga wanda aka daidaita a kai bayan taron Yamai na 1980. An sami haɗin kai da Nijeriya, wannan riba ce babba, amma mai buga tsohuwar waƙa yana da damar ya koma ga ninkin don amfanin nazari. Bugu da ƙari, Hausar waƙoƙin jihadi ta yamma ce, mai anka da munka da sunka, mai wanga da ɗiya. Macen Ƙwanni ko ta Madawa ko ta Tsibiri za ta ji ta kamar maganar kakarta, fiye da yadda ɗalibin Kano zai ji ta. Duk littafin makaranta da ya gyara wannan Hausa zuwa daidaitacciya ya karya baiti, ya kuma raba waƙar da mutanen da suka fi kusa da ita.

Ƴanci ko wajibi

Sunan littafin 2000, wanda ma'anarsa jihadin mace guda, yana da daɗin ji, amma ya ja hankali zuwa inda bai kamata ba. Asma'u ba ta tsiro ita kaɗai cikin fako ba. Gidan Shehu gidan mata malamai ne tun kafin a haife ta. Yayarta Hadiza, mahaifiyar Abdulƙadir ɗan Tafa, malama ce sananna. Ƙanwarta Maryamu ita ta riƙe ƴan taru bayanta, daga ita kuma aikin ya wuce ga Ta Modi. Batun ilimin mata ma Shehu ne ya fara ɗaukar zafinsa. Tun yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da barin mata su halarci majalisinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar da amsa da waƙa, kuma ya ajiye labarin cikin Tazyinul Waraƙati. A cikin Nurul Albabi Shehu ya soki malaman da ke koyar da almajirai a zaure suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin duhu a cikin gida. Ya kuma yi littafi sukutum a kan hukuncin fitar mata. Marubutan biyu sun san duk wannan, sun kuma rubuta shi. Amma sunan littafi ya fi abin da ke cikinsa tafiya nesa, kuma waɗanda suka biyo bayansu, a jaridu da tarurruka, sun ɗauki sunan sun bar bayanin. Daga nan aka sami Asma'u ta biyu, wadda ake cewa ita ce ta fara fafutukar daidaita mata da maza a Afirka.

A nan kalmomin Hausa da kansu suna ba da shaida. Ƴanci daga ɗa da ƴa ya fito, kamar yadda ɗiyauci ya fito daga ɗiya a Hausar yamma. A zamanin Asma'u ma'anarsa guda ce: mutum ba bawa ba ne. Ma'anar da ake nufi yau idan an ce ƴancin mata ko ƴancin kai, ta ƙarni na 20 ce, ta shigo tare da siyasar jam'iyyu da neman mulkin kai. Idan aka ce Asma'u ta yi gwagwarmayar ƴancin mata, to da ma'anar zamaninta maganar ba ta tsaya ba, domin daular da take cikin manyanta ta rayu da bauta, kuma cikin matan da aka tsara waƙoƙin Hausa dominsu akwai bayi da ƙwaraƙwarai. Da ma'anar yau ma ba ta tsaya ba, domin waƙoƙinta na wa'azi suna umartar mace da biyayyar miji cikin abin da shari'a ta yarda, da suturta jiki, da barin fita banza. Abin da ta tsaya a kai, kuma ta tsaya da ƙarfi, shi ne neman ilimin addini wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, saboda haka fita dominsa halas ce, miji ba shi da ikon hanawa idan shi bai iya koyarwa ba. Hujjar ba ta ce mace ta cancanci abin da namiji ya samu ba. Cewa ta yi akwai bashin Allah a wuyan mace wanda sai da ilimi za ta biya shi.

Wannan bambanci ba wasan kalmomi ba ne, kuma faɗinsa ba rage darajar Asma'u ba ne. Hujjar wajibi ta fi hujjar daidaito kaifi a wurin da aka yi amfani da ita, domin mijin da zai yi wa maganar daidaito dariya ba ya iya yi wa farilla dariya. Da ita aka buɗe ƙofar da ta kai matan ƙauye har cikin gidan Waziri. Amma tana da iyaka, kuma iyakar a fili take: ta kai ga karatu, ba ta kai ga kujerar mulki ba. Matan da suka yi tattaki a Yamai ran 13 ga watan Mayu 1991, don an sa mace 1 tak cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, wani abu dabam suka nema, da wata hujja dabam, kuma sun sami ƙarin kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. Wanda ya ɗinke waɗannan al'amura biyu ya mai da su zare ɗaya ya tauye kowanensu: ya sa wa Asma'u maganar da ba ta faɗa ba, ya kuma hana matan 1991 sabon abin da suka zo da shi.

Malfar Inna

Wurin da littattafan suka fi buƙatar idon mai karatu na Nijar shi ne batun malfa. Boyd ta nuna cewa idan Asma'u za ta naɗa jaji, takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai, kuma wannan malfa irin ta Innar Gobir ce, shugabar bori. Boyd ta fassara wannan da hikima: an ɗauki alamar da mata suka sani suke girmamawa, an juya ma'anarta, abin da dā yake nuna ikon iskoki ya koma nuna ikon ilimi. Fassarar tana da kyau, kuma daga Sakkwato haka abin yake. Ita kanta kalmar jaji aro ce daga harshen fatake, inda take nufin mai jan ayari, watau an ba mace sunan aikin maza matafiya. Asma'u gwana ce wajen ɗaukar tsohuwar kalma da tsohuwar alama ta zuba musu sabon ruwa.

Amma malfar tana da mai ita, kuma mai ita ba ta mutu a Alƙalawa ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da yaƙi, kamar yadda Katsinawan da suka bi Ɗan Kasawa suka kafu a Maraɗi. A Gawakuke aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, bayan haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri. A can sarautar Inna ta ci gaba, kamar yadda ta Iya ta ci gaba a Maraɗi: mace daga gidan sarauta, mai fadarta da mutanenta, mai iko a kan ƴan bori, mai magana a gaban sarki. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin borin kwarin Maraɗi cikin littafinta na 1972, Barbara Cooper kuma ta bi tarihin aure da matsayin mata a Maraɗi cikin nata na 1997. Wanda ya karanta waɗannan tare da na Boyd zai ga cewa a ƙarni na 19 hanya biyu ce ta ɗaukakar mace take gogayya a ƙasar Hausa. Ɗaya ta sarauta ce da bori, tana ba mata kaɗan iko na zahiri a fada, tana ba masu yawa wurin taruwa da neman magani. Ɗaya ta ilimi ce, tana ba mata da yawa karatu da daraja, amma a cikin daular da sarautun mata suka rasa yawancin ƙarfinsu na siyasa, kulle kuma ya ƙara yaɗuwa.

Littattafan Boyd da Mack daga cikin gidan waɗanda suka ci yaƙi aka rubuta su, da takardunsu, da bakin jikokinsu. Ba laifi ba ne, kowane mai bincike da ƙofar da ya shiga. Sai dai sakamakonsa shi ne bori yakan fito a cikinsu kamar matsalar da Asma'u ta zo ta warware, matan da aka kamo kuma kamar ɗalibai masu jiran malama. Ita Bagobirar da aka kashe mijinta a fagen fama, aka kawo ta Wurno ko Sakkwato, aka koya mata waƙar da ke yabon nasarar da aka yi a kan mutanenta, ba a jin muryarta. Asma'u ta yi waƙa a kan Gawakuke, kuma waƙar mai nasara ce. Mai tarihin ilimin mata da ke zaune a Maraɗi ba ya iya karanta ta kamar yadda ake karanta ta a Sakkwato, ko da yake shi ma Musulmi ne, yana kuma ganin girman Shehu. Ilimin da ƴan taru suka yaɗa alheri ne ga matan da suka same shi, kuma a lokaci guda makami ne na daula mai son ta mai da kamammu su zama nata. Dukan biyun gaskiya ne, kuma littattafan sun fi nauyi a gefe guda.

Ko waƙar da ta fi kowace nuna kishin mata, watau Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta wajen 1837, a wannan haske ya kamata a duba ta. Daga littafin Bello, Kitabun Nasiha, Asma'u ta ɗauko ta, ta jera matan Annabi da ƴaƴansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har kan matan jama'arta da ta sani ido da ido. Ga macen da ta saba kiran sunayen iskoki ɗaya bayan ɗaya idan ciwo ya zo, an ba ta wani jerin sunaye na mata da za ta kira a madadinsu. Nan gwanintar malamar ta fi fitowa, domin ba ta bar gurbin fanko ba.

Abin da ya shafi masu tsara karatu

Mai tsara aikin yaƙi da jahilci da ke son ya ari sunan ƴan taru, ya kamata ya san abin da yake ara. Da fari, tsarin bai kai ga kowace mace kai tsaye ba. Waɗanda ke tafiya wurin Asma'u dattijai ne da suka wuce haihuwa da ƴan matan da ba su yi aure ba. Matan aure masu goyo a gida suke, karatu ke iske su ta bakin waɗanda suka dawo. Watau tsarin bai yi karo da kulle ba, kewaye shi ya yi. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, ba makarantar koyon rubutu ba ce. Takarda tana hannun jaji, sauran kuwa da kunne suke ɗauka, su haddace, su rera. Wanda ya kafa hujja da ƴan taru a kan cewa matan ƙauye sun iya karatu da rubutu tun ƙarni na 19 ya faɗi abin da shaidar ba ta ɗauka ba. Abin da shaidar ta ɗauka shi ne an ilimantar da su, kuma da harshen da suke mafarki da shi. Ilimi da iya rubutu abu biyu ne, Faransanci ma ya raba su, amma kalmar jahilci da aka zaɓa wa aikin ta haɗe su wuri guda. Sakamakon haka, tsohuwar da ta haddace Tabbat Haƙiƙa, ta san farillan alwala da na salla, har tana bin ajami da yatsa, takan faɗa cikin lissafin jahilai don ba ta san baƙaƙen boko ba, kuma da wannan suna ake gayyatarta ajin dare. Ba abin mamaki ba ne idan ta ƙi zuwa. Ousseina Alidou, cikin littafinta Engaging Modernity na 2005, ta nuna yadda ɗaukar masu lakwal kaɗai a matsayin masu ilimi ya rufe ido ga matan Nijar masu karatun allo da ajami.

Inda gadon Asma'u ya fi haɗuwa da aikin Nijar shi ne batun harshen koyarwa. Makarantun gwaji da aka fara a Damagaram cikin 1973, inda yaro ke soma karatu da Hausa kafin Faransanci, a kan ra'ayi ɗaya suke da matar da ta juya waƙar surori daga Fillanci zuwa Hausa: a iske mai koyo a cikin harshensa. Ita tana da Larabci, harshen daraja na zamaninta, ba ta kuwa jira sai matan ƙauye sun koye shi ba. Sauran sassan tsarin ma abin dubawa ne: malama daga cikin garin take, an san ta, shekarunta sun ba ta damar shiga kowane gida, ba a gina aji ba, matan da kansu ke kawo sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufa, Asma'u ta raba wa mabuƙata, naɗin malfa kuma ya ba jaji matsayin da mazan gari ke gani da ido.

Bugun da masu bincike na Nijar ke buƙata ya bambanta da kundin 1997. Na waƙoƙin Hausa ne kaɗai, an ware na Asma'u da na Isa, hoton ajami a shafin dama, boko mai nuna tsawon wasali a shafin hagu, Hausar yamma yadda take ba gyara, inda kuma waƙa ke da ƴar'uwa ta Fillanci a ajiye su kusa da juna baiti da baiti. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, wanda ya samo asali daga takardun da Bubu Hama ya tara, yana da ƙwarewar irin wannan aiki. Tare da bugun a ɗauki muryar mata masu rera waƙoƙin, a kuma ɗauki ta mutanen fadar Inna a Tsibiri da ta Iya a Maraɗi, a ji yadda su suke ba da labarin malfar.